Minti Huɗu a Gidan Surukina

Ni ba injiniya ba ne. Gara in faɗi wannan tun farko, don har yau a dangin matata akwai masu kirana da shi, kuma duk sanda suka kira sai in ji kamar an taka mini yatsa. Malamin makaranta ne ni a Birnin Kebbi, lissafi nake koyarwa. Abin da ya jawo mini sunan bai wuce na iya saka wa kwamfuta manhaja ba. Na gyara ta ofishin makarantarmu sau biyu, na gyara ta wani maƙwabcina a Gesse, shi ke nan labari ya isa Argungu, garin su matata, wai an samu injiniya a dangi. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ban taɓa musawa ba. Daɗi nake ji.

Yayan matata ya rasu shekara biyu kafin abin da zan faɗa. Shi ne babban ɗa, shi kaɗai ya yi boko mai nisa a gidan, zazzaɓin kwana biyar ya tafi da shi. Da aka zo rabon gado, mahaifinsu ya ce a sa masa laftof ɗin marigayin a cikin rabonsa. Tsoho masunci, wanda ko lambar waya sai an danna masa, kowa ya san ba aiki zai yi da ita ba. A cikinta akwai wani bidiyo da marigayin ya ɗauka da wayarsa, ranar da ya bi uban nasa kamun kifi a jirgi. Wayar ta daɗe da lalacewa, bai tura wa kowa ba, bidiyon nan babu shi ko'ina a duniya sai cikin wannan laftof. Ƙanwar matata ce ke kunna masa, ya kalla, a kashe, a naɗe ta da zane a mayar cikin akwatin ƙarfe. Ni ban taɓa ganinsa ba. Ina ni ina zaman kallo da suruki?

Sai wata rana laftof ta ƙi tashi. Ta kawo haske, ta yi ta juya wani ɗan zobe a allo, ta mutu, ta sake. Mako uku ana haka. Saƙo ya zo mini ta hannun matata, don tsohon ba ya aiko mini magana kai tsaye, ni ma ba na aika masa. Shekara shida ina auren 'yarsa, maganar da ta taɓa haɗa mu ba ta wuce gaisuwa ba, ina tsugune, idona a ƙasa, takalmina can nesa.

Ranar Asabar muka tafi, lokacin bazara ne, zafi tun da hantsi. Niyyata in ɗauko ta in kawo gida, in kwashe abin da ke ciki in zuba a wani wuri, sannan in taɓa ta. Haka ake yi, ko wanda ya fara koyo jiya ya san haka. Na faɗa wa matata, ta shiga ta faɗa wa mahaifiyarta, mahaifiyar ta faɗa wa tsohon. Amsa ta biyo hanyar da ta bi ta dawo.

Matata ta ce, "Baba ya ce abin nan ba ya hita gidan ga. A gyara shi nan."

Na ce, "Ki ce mishi ba ni da inda zan kwashe kayan. Filas ɗaya gare ni, kuma manhaja ta cika shi."

Ta dube ni kamar na ce ta je ta mari uban nata. "Ni in koma in ce mishi a'a? Kai da ake kira injiniya?"

To, ga inda na fara ɓata. Magana ce ta minti ɗaya: in je in tsuguna in ce Baba, in aka taɓa ta a nan ana iya rasa bidiyon. Da na faɗa, wallahi da ya ji. Amma bakina bai san hanyar wannan magana ba. Na ce a kawo ta.

Ɗakin marigayin aka buɗe mini, wanda ke jikin zaure. Ƙofa ɗaya gare shi, kuma cikin zauren take buɗewa. Taga 'yar ƙarama can sama. An shimfiɗa mini tabarma, an jawo waya daga batirin sola. Ina zama sai ga tsohon ya zo ya shimfiɗa buzunsa a zauren, daidai bakin ƙofar, ya baje birginsa, komar da yake jefawa a ruwa, yana ɗinke inda ya yage. Bai dube ni ba. Ni dai na san ko fitsari ya kama ni sai na tsallake gabansa, kuma ba a tsallake suruki a wuce kamar an ga turmi.

Faifan da ke cikin kwamfuta, inda take ajiye komai, ana raba shi kashi-kashi kamar ɗakunan gida. Masu gyara suna ce wa kowane kashi fatishin. Ɗaki ɗaya na uwar manhaja ne, wadda ke tayar da kwamfutar, wani kuma na ajiyar kayan mai ita. In uwar manhaja ta lalace sai ka share ɗakinta kaɗai ka zuba sabuwa, ɗakin ajiya ba ruwanka da shi. Na yi haka ya fi sau goma. Na sa filas, 'yar ma'ajiyar da na ɗauko sabuwar manhaja a ciki, na kunna, ta kawo mini jerin ɗakuna huɗu, biyu ƙanana, biyu manya. Ƙanwar matata ta riga ta faɗa mini bidiyon yana ɗakin ajiya, kuma marigayin ya rubuta wa ɗakin suna, don haka ban yi kuskure a nan ba. Na zaɓi ɗakin manhaja, na yi bisimilla, na share.

Na danna a ci gaba. Ta ƙi.

Wani ɗan rubutu ya fito a ƙasa, wai ba za a iya saka manhaja a wannan faifai ba, tsarin rabonsa na da ne. Na sake dannawa. Na yi sabon ɗaki a wurin da na share, ta ƙi. Na share shi na sake yi, ta ƙi. Na kashe na shiga saitin cikinta, na juya abin da na sani da wanda ban sani ba, in na mayar da ita tsohon tsari sai ta daina ganin filas ɗina gaba ɗaya, in na dawo da ita sabon tsari sai ta ga filas ta ƙi faifan. Tsohuwar manhaja na riga na share ta da hannuna, ba komawa baya. Gaba kuma an rufe. Gumi ya jiƙa mini riga har tana manne mini a baya, ina jin ƙarar zaren tsohon yana ja yana ƙullawa.

Aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar kifi, aka ajiye. Ko buɗewa ban yi ba. Dama suruki ba ya sakin jiki da abinci a gidan nan, ranar kuwa ko an ce in saki ba zai shiga ba.

Na ɗauki wayata. Sabis sanda ɗaya ne, shi ma sai na miƙe na ɗaga hannu wajen tagar. Haka na tsaya kamar mai roƙon ruwa har wani bidiyo ya buɗe, wani mutum a wata ƙasa yana bayani da sauri. Ya ce abu ne mai sauƙi: ka buɗe baƙin allo, ka zaɓi faifan, ka rubuta umarnin sharewa, ka juya shi sabon tsari. Na ji ya ce wani abu game da kaya, sabis ya yanke a nan. Na ce a raina ai ni na fi shi wayo, ba faifan duka zan zaɓa ba, ɗakin da na riga na share zan zaɓa, umarnin ya tsaya a kansa. Haka na ɗauka. Ban karanta a ko'ina ba, ban tambayi kowa ba, kaina ne ya ba ni, kuma kan nawa ya saba a yaba masa.

Na rubuta. Na danna. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba ta ce an gama.

Da na koma jerin ɗakuna, layi ɗaya na gani. Ɗaya tak, faifan gaba ɗayansa, wai fili ne ba komai. Ɗakin da marigayin ya rubuta wa suna babu shi. Na danna sabuntawa ya fi sau biyar kamar mahaukaci. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ji fitsarin da nake riƙewa tun ɗazu yana neman ƙwace mini.

Akwai abu ɗaya da na sani, kuma shi ne ya sa laifina ya zama laifi. Wani mai gyara a Badariya, wanda a wurinsa na tsinci ɗan abin da na iya, muna ce masa Oga, ya taɓa gaya mini cewa irin wannan sharewa katangu kawai take rushewa. Kayan suna nan kwance. Muddin ba ka rubuta wani abu a kan faifan ba, ana iya maido su. Ya ce, in ka yi ɓarna, cire hannunka, kashe ta, kawo mini. Na tuna da maganar nan sarai a lokacin, har da muryarsa.

Aka kira azahar. Tsohon ya yi gyaran murya, ya miƙe, na bi shi a baya nesa-nesa zuwa masallacin unguwa. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba. Da muka dawo, yana gyara buzunsa, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya yi mini tambaya, ni da kaina, ba ta bakin kowa ba.

"Malam, abin na yi?"

Na durƙusa. Na ce, "Saura kaɗan, Baba."

Ya ce, "Madalla."

Na koma ɗaki na zauna gaban layin nan ɗaya. Yanzu faifan ya zama fili, manhaja za ta shiga ba gardama, abin da ya hana ta ya tafi tare da komai. In na danna, cikin rabin sa'a laftof za ta tashi fes kamar sabuwa. Sai in ce cutar da ta hana ta tashi ta riga ta cinye bidiyon tun kafin in zo. Wa zai ce ƙarya nake yi? A gidan nan kaf babu wanda ya san fatishin. Za a yi jimami, a ce haka Allah ya so, injiniya ya yi iya ƙoƙarinsa. In kuwa na kashe ta, sai na fita zauren nan na tsuguna na ce wa mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, Baba, na share maka ɗanka.

Ina so in ce shaiɗan ne, amma ni ne. Na danna.

Ta fara ƙirga, ɗaya cikin ɗari, biyu, uku. Na dubi agogon wayata, ban san dalili ba, ƙarfe biyu da minti goma sha ɗaya. Ina zaune ina kallo kamar ba ni na yi ba. Sai wani ya yi sallama a zaure, wani tsoho abokin kamun kifinsa, suka gaisa, ya tambaye shi ya aka yi bai fita ruwa ba yau.

Na ji surukina ya ce, "Mijin ɗiyata na ciki, shina gyara min abin yaron ga. Mako ukku ban gane shi ba. Yau dai in sha Allahu."

Ba da wata murya ta daban ya faɗa ba, kamar mai cewa gobe kasuwa. Na kai yatsa na danne maɓallin kashewa, na riƙe har fankar cikinta ta yi shiru. Na dubi agogo. Biyu da minti goma sha biyar.

Sai da baƙon ya tafi na fito. Na tsuguna nesa da buzun, na kafa ido a kan wani ƙulli na birgin. Na ce, "Baba, na yi kuskure. Garin gyara na goge hanyar da ake bi a kai ga bidiyon. Shina ciki, amma ni ban iya hiddo shi. Sai an kai ta Birnin Kebbi wajen wanda ya hi ni." Abin da na faɗa ke nan. Duk gaskiya ne, amma minti huɗun nan ban sa su ciki ba.

Zaren yana hannunsa, bai ja ba, bai ajiye ba. Na so a ce ya zage ni, wallahi da na samu sauƙi. Can ya ce, "Gobe mu tahi tare."

Haka aka yi. Da safe muka shiga motar haya, shi a gaba da laftof naɗe cikin zane a kan cinyarsa, hannu biyu a kanta, ni a baya. Matata ta zauna wurin mahaifiyarta, ko sallama mai kyau ba ta yi mini ba. Tun daga Argungu har muka shigo gari ba wanda ya yi magana tsakaninmu. Direban sai hira yake ja da shi kan ruwan bana da shinkafar Zauro, yana amsawa da i da a'a.

Shagon Oga ɗan ƙarami ne, kwamfutoci matattu jibge har rufi. Ya ba tsohon benci a inuwar rumfa, ya kawo masa ruwa, sannan ya karɓi laftof da hannu biyu, don ya ga yadda aka miƙo ta. Ya kwance ta, ya zaro faifan, ya haɗa da tasa kwamfutar. Bai yi minti goma yana dubawa ba ya juyo ya kalle ni ta saman tabarau. Ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada ta fita waje.

"Wa ya hwara zuba manhaja bisa wanga?"

Na ce, "Ni."

"Bayan ka share ko kahin?"

"Bayan."

"Ka manta abin da na gaya maka?"

Na ce, "Ban manta ba."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce wanda ya raba faifan nan tun asali, ɗakin ajiya ya sa a gaba, ɗakin manhaja a baya, ba yadda aka saba ba. Sabuwar manhajar da na danna kuwa daga gaba ta fara zuba kayanta. Ya ce, "Da hannunka ka cire, da kahin ka sha ruwan ga na maido maka komi da sunanshi. Yanzu sai abin da Allah ya bari." Da ya zage ni da ya fi mini.

Muka wuni. Na'urar tana tsintar abin da ya rage ɗaya-ɗaya, wani ɗan layi yana tafiya kamar ba ya so. In na leƙa waje sai in ga tsohon zaune yadda aka bar shi, zanen naɗe a hannunsa, yana kallon masu babura. In na dawo ciki sai idon Oga. Na rasa inda zan tsaya, na ƙare a bakin ƙofa, rabina ciki rabina waje. Muka yi azahar, aka sayo masa fura, ya sha kaɗan ya ajiye.

Bayan la'asar fayiloli suka fito, dubbai, ba suna sai lambobi. Takardun makaranta, hotunan wasu mutane, da yawa rabinsu toka-toka. Oga ya jera su bisa girma, ya riƙa buɗe manyan. Na uku ya ƙi buɗewa, ya bi ta wata hanya ya lallaɓa shi, sai ga ruwa a allo, da ƙarar iska, da gefen jirgi. Ya ce in kira Baba.

Tsohon ya shigo, aka ba shi kujera gaban allo. Ni ina tsaye bayansa, ranar na fara ganin bidiyon. Gulbi ne da safe. Ga shi nan a tsaye a goshin jirgi, ya fi yanzu ƙarfi, yana tattara birgi a kafaɗa. Sai murya daga bayan wayar, muryar yayan matata, da wannan dariya tasa da na manta: "Baba, ka jehwa da kyau hwa, duniya na kallo." Tsohon cikin allo ya ce masa ya zauna kada ya kifar da su. Ya jefa, birgin ya buɗe ya sauka. Yana jawowa ɗan yana tsokanarsa wai kifin ya ji labarin zuwansu ya gudu. Na ga kafaɗun tsohon da ke gabana sun sauko, ya matso da fuskarsa kusa da allo.

Sai hoton ya tsaya. Hannun tsohon a cikin ruwa, birgi rabi a waje, ƙasan allon ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai kore da toka. Murya ta ɗauke.

Ya jira. Ya ce, "A ci gaba da shi."

Oga ya ce, "Baba, nan ya tsaya."

"A'a, da saura. Yanzu na kama babban ga, shi kuma shi juyo wayar ga huskarshi shi yi dariya. Nan ɗai aka ganin shi."

Ban san haka bidiyon yake ba sai a wannan lokaci: duk tsawonsa marigayin yana bayan waya, fuskarsa a ƙarshe kaɗai take fitowa. Oga ya sake gwadawa ta wata manhaja, ya ja gaba, ya ja baya, ya nemi ragowar cikin sauran fayilolin har aka kusa magariba. A wuri ɗaya yake tsayawa. Ya gaya wa tsohon a hankali cewa wani abu ya hau kan ƙarshen, ba ya dawowa. Bai ce mene ne ya hau ba, bai kuma dube ni ba.

Tsohon ya ce a maido daga farko. Aka maido. Ya kalla har inda ya tsaya, ya zauna yana duban hannun nan da ke cikin ruwa. Ya ce a sake. Sau uku. Sannan ya share fuska da tafin hannu, ya miƙe, ya juyo gare ni. Na yi maza na durƙusa a tsakanin wayoyi da ƙura.

Ya ce, "Malam, ka wahala kwana biyu. Da ba don kai ba ko muryar ba mu samu. Allah shi yi maka albarka."

Oga ya juya baya yana tattara sukurori. Na buɗe baki, ga maganar nan a kan harshena, minti huɗu, kalma biyu ce kawai. Tsohon yana tsaye yana jira, hannunsa a kan kaina.

Na ce amin.